Tsofaffin Hotunan Tufafin Ingila na Zamanin Tsakiya: Asalinsu da Yadda Ake Karanta Su

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Amma akwai ganin da sai an yi masa tambayoyi kafin a amince da shi. Ɗalibin da ya buɗe littafin tarihin Turai, ko ya shiga intanet yana neman irin tufafin da mutanen Ingila suke sawa shekaru 600 da suka wuce, zai tarar da waɗansu hotuna na zanen hannu masu launi. Ga basarake da riga tana jan ƙasa, ga mace da ɗaurin kai mai ƙaho biyu, ga saurayi da takalmi mai dogon tsini. A ƙarƙashin hoton sai a rubuta, alal misali, "ƙarni na 14". Ɗalibi sai ya ɗauka a wancan ƙarnin aka zana shi. Galibi kuwa ba haka ba ne. Yawancin irin waɗannan hotuna an buga su ne daga wajejen 1770 zuwa 1880, wato ɗaruruwan shekaru bayan mutuwar masu tufafin.

Wannan takarda za ta yi bayanin inda masu zanen suka samo abin da suka zana, da su wane ne su, da yadda ake buga hoton, da abin da yake koyarwa, da kuma inda yake iya ɓatar da mutum. Daga ƙarshe za mu duba matsalar da ta fi shafar ɗalibin harshe, wato yadda za a kira waɗannan tufafi da Hausa.

Sai a lura da kalmar "zane". A rubutun yau da kullum siffarta ɗaya, amma kalmomi biyu ne. Akwai zane na ɗaurawa, mai gajeren wasali a gaɓar farko, jam'insa zannuwa. Akwai kuma zane na alƙalami, mai dogon wasali, jam'insa zane-zane. Karin sautinsu ma ya bambanta. A wannan takarda na biyun ake nufi.

2.0 Zamanin da Ake Magana a Kai

Masana tarihin Turai suna kiran lokacin da ya faro daga rushewar daular Rum ta yamma a ƙarni na 5, har zuwa wajejen 1500, da sunan Zamanin Tsakiya. A Ingila an saba raba shi biyu da shekarar 1066, lokacin da William na Normandi ya ƙetaro teku daga Faransa ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hastings. An kuma saba rufe shi da 1485, shekarar da aka kashe Sarki Richard na III a fagen yaƙin Bosworth.

Tufafin wannan zamani da suka rage a yau ƴan kaɗan ne ƙwarai. Yadi ruɓewa yake yi. Sa'annan abu ne mai tsada, ba a yar da shi. Mutum yakan rubuta a wasiyyarsa wanda za a ba rigarsa. Magaji ya sa, a sake yanka ta a yi wa yaro, daga nan ta koma hannun bara, har ta zama tsumma. Saboda haka mai neman sanin yadda rigar take dole ya koma ga zane-zane da sassaƙe-sassaƙen da mutanen lokacin suka bari.

3.0 Inda Aka Samo Siffofin

3.1 Littattafan hannu

Kafin William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, da hannu ake rubuta littafi, a kan fatar maraƙi ko ta tunkiya da aka kankare. Littattafan masu hali ana ƙawata su da zane-zane. Uku daga ciki sun isa misali.

Na farko shi ne wani kundi na littattafai shida na farkon Tsohon Alkawari, da tsohon Ingilishi, wanda aka yi a Canterbury a ƙarni na 11. Yana da zane kusan 400. Amfaninsa ga mai binciken tufafi shi ne, masu zanen wancan lokaci sukan sa wa mutanen tsofaffin labarai irin kayan da suke gani a garinsu.

Na biyu shi ne Zaburar Luttrell, wadda aka yi wa wani mai gari a Lincolnshire, Sir Geoffrey Luttrell, tsakanin 1320 da 1340 ko kusa da haka. A gefen shafukanta akwai manoma suna huɗa da garmar shanu, da mata suna girbi, da kuku a madafa. Tana cikin wurare kaɗan da ake ganin talaka da kayan aikinsa. Tana ajiye a Laburaren Birtaniya da ke Landan.

Na uku shi ne kwafin Ellesmere na labaran Canterbury na Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400. An yi shi a farkon ƙarni na 15, yana kuma da hotunan mahaya 23, daga barde da ɗan kasuwa har zuwa mai niƙa da kuku, kowa da shigar sana'arsa. Yana Laburaren Huntington a Kaliforniya ta Amurka.

3.2 Ɗinkin Bayeux

Wannan dogon ƙyalle ne na lilin, tsawonsa ya kusa mita 70, faɗinsa kimanin rabin mita, an yi masa ɗinkin ado da zaren ulu. Yana ba da labarin yaƙin 1066, kuma masana sun fi karkata ga cewa a Ingila aka ɗinka shi, ƴan shekaru bayan yaƙin. A cikinsa ana ganin mayaƙa da sulke har gwiwa da kwalkwali mai kare hanci. Ana gane Ingilishi da gashin baki, ana gane ƴan Normandi da askin ƙeya. Ɗaruruwan shekaru ya yi a garin Bayeux na Faransa, kuma a 2025 gwamnatin Faransa ta sanar da amincewarta ta ba da aronsa ga Gidan Tarihi na Birtaniya.

3.3 Kaburbura

A majami'un Ingila akan ɗora mutum-mutumin mamaci a kan kabarinsa, na dutse ko na itace ko na ƙarfe, yana kwance cikin cikakkiyar shiga. Daga ƙarni na 13 kuma aka fara kafa faifan tagulla a daɓen majami'a, an sassaƙa siffar mamacin a kai. Waɗannan sun fi zanen littafi nuna ƙananan abubuwa, kamar maɓalli da ɗamara da yadda aka ɗaure igiya. A majami'ar Canterbury akwai kabarin Edward, babban ɗan Sarki Edward na III, wanda ake wa laƙabi da Baƙin Yarima, ya rasu a 1376. Rigar yaƙinsa mai cushen auduga tana nan har yanzu, ko da yake ta koɗe, kuma kwaikwayonta ne aka rataye a bisa kabarin.

4.0 Mutanen da Suka Kwafo Su

Jagora a wannan fage shi ne Joseph Strutt (1749–1802). Sana'arsa sassaƙa hoto a kan ƙarfe. Gidan Tarihi na Birtaniya ya buɗe ƙofarsa a 1759, shi kuwa Strutt ya daɗe yana zama a ɗakin karatunsa yana kwafo mutane daga tsofaffin littattafai. Babban aikinsa a kan tufafi, A Complete View of the Dress and Habits of the People of England, ya fito cikin juzu'i biyu a 1796 da 1799, da shafukan hotuna sama da 140. Abin da ya ɗaukaka aikin shi ne, yakan faɗi littafin da ya samo siffofinsa, ta yadda wani zai iya komawa ya duba.

Bayansa sai Charles Alfred Stothard, wanda ya bi majami'u yana zana mutum-mutumin kaburbura da natsuwa. A 1816 Ƙungiyar Masu Binciken Kayan Da ta Landan ta aike shi Bayeux ya kwafo ɗinkin nan. A bakin aiki ya rasu a 1821, ya faɗo daga tsani a majami'ar Bere Ferrers yana kwafar hoton da ke jikin gilashin taga. Littafinsa, The Monumental Effigies of Great Britain, sai a 1832 aka kammala shi.

Na uku shi ne James Robinson Planché (1796–1880), marubucin wasan kwaikwayo. Kafin zamaninsa ƴan wasa ba su cika damuwa da tarihin tufafi ba. Shahararren ɗan wasa David Garrick ya fito a matsayin Macbeth, sarkin ƙarni na 11, da irin kayan mutanen ƙarni na 18. A 1823 Planché ya tsara tufafin wasan King John na Shakespeare a dandamalin Covent Garden bisa abin da kaburbura da littattafai suka nuna, har da mutum-mutumin sarkin kansa da ke majami'ar Worcester. Ƴan kallo suka karɓi abin hannu bibbiyu. A 1834 ya fitar da History of British Costume, a 1842 kuma ya sake buga littafin Strutt da gyare-gyare. Henry Shaw a 1843 da Frederick William Fairholt a 1846 su ma sun fitar da nasu. Daga waɗannan littattafai ne akasarin hotunan da ke yawo a yau suka fito.

5.0 Yadda Ake Buga Hoton

Sanin yadda aka yi hoton yana taimakawa wajen sanin abin da za a amince da shi a cikinsa. A zamanin Strutt, mai aiki yakan shafe faifan jan ƙarfe da kaki, ya zana hoton da tsinke mai kaifi har ya taɓo ƙarfen, sa'annan ya zuba asid. Asid ɗin sai ya ci wuraren da aka karce kawai. A wanke kakin, a shafa tawada, a goge saman faifan, tawada ta rage a cikin ramukan. Daga nan a ɗora takarda mai danshi a matse da ƙarfi.

Abubuwa uku suke biyo bayan wannan. Na ɗaya, bakin faifan yakan bar shaida a takardar, wani ɗan lotsawa mai kusurwa huɗu kewaye da hoton. Na biyu, abin da ke dama a faifan hagu yake fitowa a takarda, don haka in mai aikin bai juya zanen ba tun farko, sai a ga barde ya rataya takobi a ɓangaren da ba nan yake ratayawa ba. Na uku, baƙin layi kaɗai faifan yake bugawa. Launi da hannu ake sa shi daga baya, kwafi bayan kwafi, sau da yawa ma ƴan ƙwadago ne suke yi suna bin samfur. Shi ya sa akan sami kwafi biyu na littafi guda, riga ɗaya, a nan ja, a can ta fi kama da ruwan goro.

Daga baya aka riƙa sassaƙa hoto a kan katako, wanda ya fi araha domin ana buga shi tare da rubutu. Bayan 1837 kuma bugun launi da faifan dutse ya bazu. Ƴan kasuwa sun daɗe suna farke irin waɗannan littattafai suna sayar da shafukan ɗai-ɗai don a rataye a bango. Idan aka yi haka, hoton ya rabu da bayaninsa ke nan, wanda ya gan shi bai san daga ina aka kwafo shi ba.

6.0 Abin da Hotunan Suke Koyarwa

Idan aka jera hotunan bisa shekaru, za a ga cewa tun kafin 1066 har zuwa farkon ƙarni na 14 sauyin ba mai yawa ba ne. Ana yanka yadi falle-falle a miƙe, a haɗa, a ƙara ƙyalle mai kusurwa uku a gefe don riga ta buɗe. Namiji mai aiki yana sa taguwa zuwa gwiwa da ɗamara, babban mutum tasa takan fi tsawo. Mace tana sa riga har idon sawu, matar aure kuma tana rufe kanta. A ƙarni na 13 mata da yawa har wuya da haɓa suke rufewa da farin lilin.

Wajejen 1340 sai abin ya juya. Teloli suka ƙware wajen yanka hannun riga a lanƙwashe, maɓallai suka yawaita, riga ta fara bin jiki. Ta samari ta gajarce ƙwarai, har malaman majami'a masu rubuta tarihi suka yi ta kokawa da rashin kunyar zamani. A ƙarshen ƙarnin, lokacin Sarki Richard na II (1377–1399), aka yayi wata babbar riga mai dogon wuya da faffaɗan hannu, wadda ake kira hufalandi. Aka kuma yayi takalmi mai dogon tsini, wanda sunansa na Ingilishi daga birnin Krakow na ƙasar Folan aka samo shi. A ƙarni na 15 ado ya koma kan mata: ɗauri mai ƙaho biyu, daga baya kuma siririn mayafi da ake tokarewa da waya ya buɗe kamar fikafikan malam-buɗe-littafi.

Ulu shi ne ginshiƙin tufafin, shi ne kuma arzikin ƙasar. Har yau shugaban Majalisar Dattawan Birtaniya a kan wata babbar matashiya mai cike da ulu yake zama, don tunawa da haka. Lilin na kayan ciki ne, alharini kuwa na masu hali. Ana samun ja daga saiwar wani tsiro, rawaya daga wani, shuɗi kuma daga wani ganye da ake nomawa a Turai. Sinadarin da ke ba da shuɗi a ganyen nan shi ne dai wanda ke cikin baban da ake rini da shi a marinar ƙasar Hausa.

Hukuma ma ta sa baki. A 1337 aka hana shigo da yadin waje, aka keɓe fata mai gashi ga manya. Dokar 1363 ta bi mutane aji-aji tana faɗin abin da kowa zai sa. Makiyayi da mai huɗa da duk wanda dukiyarsa ba ta kai sule 40 ba, an ce kada ya wuce yadin ulu mai kauri na kwabo 12. Ba ta yi ƙarko ba, a 1365 aka soke ta. Dokar 1463 kuwa ta hana wanda bai kai matsayin babban basarake ba sa takalmin da tsininsa ya wuce inci 2, wato kamar santimita 5, ko rigar da ba ta rufe masa mazaunai ba in ya miƙe tsaye. Yawan maimaita irin waɗannan dokoki alama ce ta cewa ba a cika bin su ba.

7.0 Inda Hoton Yake Iya Ɓatar da Mutum

Tsakanin idonmu da rigar ainihi akwai hannu biyu aƙalla: na mai zanen Zamanin Tsakiya da na wanda ya kwafo shi. Kowannensu yana iya karkatar da abin.

Mai zanen farko ba koyaushe yake zana abin da ya gani a titi ba. Wani lokaci tsohon littafi yake kwafa. Zaburar Harley, wadda aka fara a Canterbury a farkon ƙarni na 11, an kwaikwayo ta ne daga Zaburar Utrecht, wadda aka yi a Faransa kusan shekaru 200 kafin nan. Wanda ya ɗauki duk abin da ke cikinta a matsayin shigar Ingilishi ya yi kuskure. Haka kuma mai zane yakan zaɓi launi don ƙawata shafi. Ganin manomi da riga shuɗiya shar a littafin mai gari ba hujja ba ce cewa haka yake fita gona. Sa'annan ba kowa ake zanawa ba. A ɗinkin Bayeux akwai mutane sama da 600, amma mata 3 ne kawai a cikin babban labarin.

Kabari ma yana da tasa matsalar. Faifan tagulla ba kamannin mamaci ba ne, a shagunan Landan ake yin da yawa daga cikinsu bisa samfur. Wani tun yana raye ake yi masa, wani sai shekaru bayan mutuwarsa. Faifan Sir John d'Abernon da ke Surrey an daɗe ana cewa na 1277 ne, amma binciken baya ya mayar da shi wajejen 1327. Duk littafin da ya dogara da tsohuwar shekarar wajen faɗin lokacin da aka sa irin wannan sulke, lissafinsa ya goce da kusan shekaru 50.

Shi kuwa mai kwafa, da idon zamaninsa yake kallo. Yakan ciro mutum daga wannan shafi, ya ciro wani daga wancan littafi, ya tsayar da su wuri ɗaya kamar suna hira. Yakan gyara fuska da ƙugu su dace da abin da mutanensa suke ɗauka kyau ne. A watan Mayu na 1842 Sarauniya Victoria ta yi bikin shigar da a fadar Buckingham. Ta fito a matsayin Sarauniya Philippa, mijinta Albert kuma a matsayin Edward na III, Planché yana cikin masu ba da shawara. An kwaikwayo kayan daga kaburburan Westminster, amma an sa nata a kan rigar matse ƙugu da fatari irin na 1842, sai siffar ta fito ta zamaninta. Haka kuma, a 1885 da 1886 mata 35 a garin Leek suka ɗinka cikakken kwaikwayon ɗinkin Bayeux, wanda yake gidan tarihin Reading. Wani mutum da yake tsirara a gefen na asali ya fito da gajeren wando a nasu, domin hotunan da aka ba su su bi an riga an rufe wurin.

Akwai kuma ƙirƙira tsagwaronta. A littafin Samuel Rush Meyrick da Charles Hamilton Smith na 1815 akwai hoton babban bokan mutanen Birtaniya na da, da farar riga da kayan zinariya. Babu wani zane na zamanin waɗannan bokaye da aka kwafo shi daga ciki. An tattaro kayan zinariya da aka tono a Ailan, waɗanda suka girmi zamanin bokayen nesa ba kusa ba, aka jera masa, har abin wuya aka ɗora masa a ka. Ita ma doguwar hular mata mai tsini kamar hasumiya, wadda littattafan yara suke sa wa kowace gimbiya, a Faransa da Burgundi aka fi saninta. Matan Ingila gajeriya mai yankakken kai suka fi sawa.

To, da me ake gwada gaskiyar hoto? Da wasiyyoyi da takardun lissafin fada, waɗanda suke faɗin irin yadi da kuɗinsa, da kuma abin da aka tono. A shekarun 1970 da 1980 an tono takalma da guntayen yadi masu yawa a bakin kogin Thames a Landan, inda laka ta hana su ruɓewa. An sami takalman nan masu tsini, an cusa gansakuka a tsinin don kada ya lanƙwashe. Wani bincike da aka buga a 2021 a kan ƙasusuwan mutane 177 daga maƙabartun Cambridge ya sami karkacewar babban yatsan ƙafa a kashi 6 cikin 100 na mutanen ƙarni na 11 zuwa na 13, amma kashi 27 a na ƙarni na 14 da na 15. A nan hoto da tono da ƙashi duk bakinsu ya zo ɗaya.

8.0 Matsalar Suna a Hausa

Ɗalibin da aka ba irin wannan hoto aka ce ya bayyana shi da Hausa yana da hanyoyi uku: ya yi amfani da kalmar da muke da ita, ko ya aro baƙuwar kalmar ya hausantar da ita, ko ya siffanta abin.

Hanya ta farko tana da daɗi inda abin ya dace. Sulke sulke ne, rigar zobban ƙarfe, a Hastings ko a hawan salla. Kwalkwali da garkuwa ma haka. Rigar cushen auduga da ake sawa a ƙarƙashin sulke tana kusa da lifidi. Amma kama da wane ba ta wane. A ƙarni na 15 maza suna sa wani abu a ka wanda a hoto kamar rawani yake. Asalinsa hula ce mai rufe kai da kafaɗu, irin wadda ke jikin alkyabba, sai aka koma cusa kai ta ramin fuska, a naɗe jelar. Wanda ya fassara shi da rawani ya jawo wa mai karatu tunanin sarauta ko malanta, alhali ɗan kasuwa ma yana sa shi. Haka abin da maza suke sawa a ƙafa: ba safa ba ce sosai, ba kuma wando ba, domin na dogon lokaci ƙafa biyu ne a rabe, na yadin ulu, kowace ana ɗaure ta da igiya a sama. A irin wannan wuri siffantawa ta fi aminci, ko da za ta ɗauki kalmomi biyar.

In za a yi aro, a sani cewa da yawa daga sunayen nan na Faransanci ne, domin shi ne harshen fadar Ingila na tsawon lokaci bayan 1066. Sai a 1362 aka yi dokar yin shari'a da Ingilishi a kotuna. Ɗalibin da ya san Faransanci yana da sauƙi a nan. Amma a yi hattara: marubutan ƙarni na 19 ne suka liƙa waɗansu sunayen ga waɗansu siffofi, kuma ba koyaushe ma'anar ta yi daidai da yadda mutanen da suke amfani da kalmar ba.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa tsohon hoton tufafin Ingila shaida ce ta zamani biyu, wanda aka zana da wanda aka yi zanen a cikinsa. Strutt da Stothard da Planché sun yi aiki mai amfani, domin su ne suka koya wa jama'a komawa ga shaidar da mutanen da suka bari. Duk da haka, kafin ɗalibi ya kafa hujja da hoto, ya tambayi kansa abubuwa huɗu: wa ya zana shi, a wace shekara, daga ina ya kwafo, kuma akwai wata shaida ta rubutu ko ta tono da ta goyi bayansa? In an farke shafin daga littafinsa har ba a iya amsa waɗannan, to a ɗauke shi abin ado, kada a gina bayani a kansa.

Aikin Ɗalibi

1. Kawo jimloli biyu da kalmar zane, kowace da ma'ana daban, ka sa su a jam'i.
2. Bayyana da kalmominka yadda ake buga hoto da faifan jan ƙarfe, cikin jimloli shida.
3. Me ya sa fassara hular nan ta ƙarni na 15 da kalmar rawani take iya ruɗar da mai karatu? Ba ta suna na siffantawa.
4. Zaɓi tufa ɗaya ta garinku, ka siffanta ta ga wanda bai taɓa ganinta ba, ba tare da ka ambaci sunanta ba.